Dattijon da na ƙi amsa wa a mota

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata biyu ke nan abin yana cin raina.

Ni tela ne, a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, aka haife ni, idan ina Yarabanci ba mai cewa Bahaushe ne. Wata rana da hantsi na shiga mota daga Ojoo, shat da wando ne a jikina, fasinjoji suna ta zagin Hausawa da Yarabanci, wai mun cika musu gari. Da aka yi dariya har na ɗan taya, don kada a gane ni. Sai wani dattijo da ke gefena, riƙe da 'yar jakarsa, ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, kana jin Hausa? Sabo zan sauka." Wallahi sarai na ji shi, amma na girgiza kai, na ce da Yarabanci ban gane ba. Na sauka a Mokola, inda masu zuwa Sabo ke sauka, ina kallo mota ta wuce da shi.

Ranar aka yi jana'izar wani maƙwabcinmu ɗan dako bayan azahar, da ni aka sallace shi. Bayan la'asar sai ga dattijon nan a layinmu. Ashe yayan mamacin ne, daga Gusau ya taso, motar ta kai shi har Molete, can wani gefen gari, yana ta bulayi. Ni na samu sallar, shi bai samu ba.

Bai gane ni ba, da jallabiya da hula ya same ni wurin zaman makoki. Yanzu ya zauna yana kula da marayun, kullum a shagona yake hira, ni ne ma nake masa tafinta wurin mai gidan da suke haya. Jiya ya sake ba da labarin, ya ce ya yafe wa mutanen motar tunda ba sa jin yarensa, wai "da akwai Bahaushe ko ɗaya a ciki, ɗana, da na ga fuskar ƙanena." Allurar hannuna ma kasa zura mata zare na yi.

Idan na faɗa masa, ban san da wane ido zai dube ni ba, kuma gobe duk Sabo ta ji. Idan na yi shiru, Yarabawa ya yafe wa, ni kuwa ba Bayarabe ba ne. Yafiyar nan ta shafe ni kuwa? Gobe da safe zai zo ya zauna a bencina, me zan ce masa?