Furen Tudun Karaye Da Ragon Maigadi

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kare Furen Tudun Karaye,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti, na ɗauki alƙalami ne don in yaba muku. Wayar da kunka kewaye tudun bayan Karaye da ita, ban taɓa ganin mai kyanta ba ko a gidan mai. Allon da kunka kafa kuwa, hoton furen da ke jikinsa ya fi na gaske sheƙi. Wannan dabara ce babba, don shekara biyu a jikin allon kaɗai ake ganin furen.

Ni dillalin albasa ne a Aliero. Ga abin da ya haɗa ni da ku.

Na ɗaya. Akwai wata 'yar albasar daji mai jan fure da ke fitowa a kan tudun nan da ruwan farko, kafin ciyawa ta tashi. Mu albasar tudu muke ce mata, ba a ci, ba a miya da ita, shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar ta da daraja ba. Ku kunka zo kunka ce ta kusa ƙarewa, kuma ba kowane wuri ake samun ta ba. Na yarda. Ina yaro tudun ja yake yi har ana hango shi daga hanya, yanzu kuwa sai an duƙa an nema.

Na biyu. A kan tudun nan muke yankan gamba duk kaka, tun zamanin kakanninmu. Da ita muke rufin rudu, wato rumfar da muke ajiye albasa ta kai damina. Albasa kamar attajiri take, ba ta son ruwa, ba ta son zafi, kuma sai iska na ratsa ta. Da kunka hana shiga da lauje, sai na rufe ruduna da leda kamar yadda wani ɗan kwamitinku ya ba ni shawara, yana cewa zamani ya wuce ciyawa. Ranka ya daɗe, albasa ta yi gumi, ta ruɓe. Warin ya sa maƙwabcina Alhaji Namadina ya aiko a tambaye ni ko jaki ne ya mutu a gidana. Abin da iyalina za su ci shekara, da amalanke anka kwashe shi zuwa juji. Da an sake yi mini haka bana, da sai dai in koma ɗaukar buhun wasu a kasuwa, ga ni da furfura.

Na uku. Duk wannan hasara da za ta yi sauƙi da furen ya amfana. Ina! Gambar da ba a yanke ba ta bushe, ta kwanta a kan ƙasa kamar katifa. Ruwa ya sauka, anka zo da motoci da masu ɗaukar hoto, ba fure ko ɗaya. Kada ka ce ina yi muku dariya, mu ma ba mu san laujenmu ne ke share masa wuri ba. Mu dai rufi muke nema.

Sai bana Allah ya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Maigadinku, Baba Manu, yana da rago da yake kiwo, kuma ya ga ciyawa a banza a cikin waya. Ya kafa turke can bayan dutse inda ba a gani daga hanya. Ragon ya cinye iyakar inda igiyarsa ta kai, ya tattake sauran. Da ruwan farko, furen ya fito a nan kurum, a zagaye kamar faifai. Malama Luba, mai bincikenku, ita ta gani. Allah ya yi mata albarka, ba ta ɓoye ba, ba ta kuma kai tsohon ƙara ba. An ce da ta auna da'irar ta ga turke a tsakiya, zama ta yi a kan dutse tana dariya har da hawaye.

Ranar da anka yi shela cewa za mu koma yankan gamba da kaka, na ci tuwo har da ƙari. Uwar 'ya'yana ta ce rabon da ta ji ina munshari tun kafin a kafa waya.

Saura roƙo. A bar izinin nan a buɗe ga kowa, kada gobe wani ya ajiye benci a bakin ƙofa ya ce sai an gan shi. A hana masu haƙe albasar suna kai ta kasuwar Jega da sunan maganin ƙarfi. Ni da na san kowace rumfa a can, ban ga wanda ta ƙarfafa ba sai mai sayarwa. A kuma dubi tifofin da ke kwasar marmara a gindin tudun, waɗanda wayarku ta kauce wa cikin ladabi. Sannan kada a taɓa aikin Baba Manu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kwamiti basira, ya raya furen nan har jikokinmu su gan shi a ƙasa, ba a allo ba.

Wassalam. Naka mai biyayya,
Sani Ɗan Gwamma, dillalin albasa, Aliero.

Af, na ji za a kafa sabon allo mai sunayen waɗanda sunka ceto furen. Ragon fa, za a sa shi a sahun 'yan kwamiti, ko an riga an yi layya da shi?