Ciyawar Cikin Waya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin, Allah ya saka miki da alheri, ki ɓoye sunana kamar yadda muka yi. Ni ba gwanar danna waya ba ce, murya na aika mata ita ta mayar rubutu, in zancen ya yi tsawo ku yi haƙuri, tsohuwa ce ke magana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma lokacin da nake da shi ba yawa.

Maigidana, Malam nake ce masa, yana kwance. Likita ya ce mu dawo da shi gida mu ci gaba da addu'a, kun san abin da wannan ke nufi. Mun haura shekara hamsin tare, bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Yanzu abu ɗaya yake nema a wurina, in ce na yafe masa, ni kuma bakina ya ƙi buɗuwa.

Ni Bafillatana ce, a ruga aka haife ni tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Malam Bahaushe ne mutumin Gumel, a wurin tallan nono ya gan ni ya nace, har mahaifina, Baffa, ya gaji ya ba shi. Ba mu daɗe da aure ba, a farkon shekarun saba'in, wata jami'a ta zo ta kafa tashar bincike kusa da mu, wai suna so su gane yadda daji ke komawa hamada. Suka gina ɗakunan kwano, suka kafa kwalbar awon ruwan sama, sannan suka kewaye wani makeken fili da waya mai ƙaya, ƙofa ɗaya da kwaɗo. Dokar wurin ba kiwo, ba sara, ba yankan ciyawa, ko akuya kada ta sa baki, don su ga abin da ƙasa za ta yi in an ƙyale ta. Mutane suka sa masa suna Cikin Waya. Malam aka ɗauka gadi, shugaban wurin da muke ce wa Dokta ya damƙa masa makulli a gaban mai gari, shi kuma ya ɗauki alkawari.

Lokaci lokaci Landuroba takan kawo Dokta da ɗalibansa, su shiga da wani katako mai kusurwa huɗu, su ajiye a ƙasa, su yanke ciyawar da ke cikinsa da almakashi, su zuba a jakar takarda, su busar, su ɗora a sikeli, su rubuta. Mu mata har dariya muke a bakin rijiya, manyan mutane da tabarau sun durƙusa suna yi wa ƙasa aski.

Sai babban farin nan ya zo, wanda ya gani ba ya buƙatar bayani. Damina ta yi gardama, ta bayanta ma ta yi, da rani ya tsaya ƙasa ta zama tas kamar an share. An sassare gawo da aduwa an ba dabbobi ganye har babu abin sara. Amma Cikin Waya, kyasuwa da gamba na shekarun baya suna nan tsaye, a bushe dai amma har ƙugu. Ka tsaya a kan rairayi ka miƙa hannu ka taɓa ciyawa, waya ce kawai a tsakani.

A wannan ranin Baffa ya koro abin da ya rage na garkensa, ya sauka a gefen wayar ta arewa. Wanda bai san Fulani ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Baffa ba ya roƙon kowa komai, balle surukinsa, wanda ko ruwa ba ya sha a gabansa. Saboda haka bai roƙa ba, zama kawai ya yi. Kullum da safe Malam zai je, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa.

"Baffa, ina kwana? Ya dabbobi?"

"Lafiya lau, Malam. Da godiya."

Suna wannan gaisuwa shanu na cusa baki tsakanin waya, ƙaya na yanka musu hanci, makulli kuma yana aljihun Malam, dukansu biyu sun san yana nan. Haka aka yi ta yi, wannan bai tambaya ba, wancan bai hana ba. Ni ce mai kai abinci nan da can, da goyo a bayana.

Sau ɗaya na yi wa Malam magana, da rana yana cin abinci. Ya janye hannu daga kwano ya ce, "'Yar Baffa, in na buɗe masa, kafin la'asar shanun Maigatari da na Damagaram duk suna nan, ciyawar nan kwana nawa za ta yi musu? Sannan a kore ni, hatsin da ke shiga gidan nan da wanda nake aika wa Innarki ya tsaya. Kuma amana ce, a gaban mutane na karɓa." Na ce to a aika wa Dokta a nemi izini. Ya aika ta hannun wani direban babbar mota, amsa ba ta zo ba, daga baya muka ji Dokta ya tafi taro wata ƙasa.

Na koma wurin Baffa na ce ya daure ya yi wa Malam magana da bakinsa, na san in shi ya faɗa Malam ba zai iya kallon idonsa ya ƙi ba. Ya dube ni ya ce, "Na ce miki wani abu nake nema? Inuwa na zo sha." Wallahi wurin da yake zaune ko inuwar da za ta rufe kaza babu.

Shanun suka fara kwantawa, wadda ta kwanta ba ta tashi. Cikinsu har da saniyata mai farin goshi, jikar karsanar da aka ba ni ranar sunana. Baffa na yanka waɗanda ya tarar da sauran numfashi, fatun ya kai kasuwar Maigatari inda babu mai kallonsu saboda yawa. Da suka rage 'yan kaɗan ya tattara ya yi kudu, bai yi min sallama ba. Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Ko ciyawar za ta riƙe su har ruwan, ban sani ba, ba kuma wanda ya sani.

Abin da ya fi zauna min ba mutuwar shanun ba ne. Bayan ruwan farko Landuroba ta dawo, suka shiga suka yi askinsu, suka auna, suka rubuta, Dokta ya yi wa Malam sannu da ƙoƙari. Ciyawar da aka gama aunawa ba ta da sauran amfani a wurinsu, tara ta ake a bayan ɗakunan tashar a sa wuta, kuma Malam ne mai sa wutar, yana cikin aikinsa. Ina tsaye ina kallon hayaƙin, ban yi kuka ba, ban ji haushi ba, sai na ji wani wuri a ƙirjina ya yi shiru, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Na juya na je na ɗora tuwo.

Ba zan zalunci bawan Allah nan ba. Hatsinsa ne ya riƙe Inna da ƙannena a wannan shekarar, makwabtanmu sun binne yara mu ba mu binne ba. Shi kuwa Baffa ya ƙare da kiwon shanun wani Alhaji a wajen Gagarawa, Baffan da a da ba ya iya ganin ƙarshen garkensa in ya tsaya a tsakiya. Yakan zo gidana, su gaisa da Malam da mutunci, amma bai sake cin ko loma ɗaya a gidan ba, in na kawo sai ya ce, "Na ƙoshi, Allah ya yi albarka." Haka har ya rasu, bai taɓa faɗin mummunar kalma a kan Malam ba. Mu ma ba mu sake tayar da zancen ba. Tashar ma daga baya aka rufe ta, mutane suka kwashe wayar suka yi shingen awaki, filin yanzu gonaki ne.

Bara sai ga wasu malamai daga cibiyar nazarin muhalli ta jami'ar nan, da kyamara, suna neman tsohon maigadi. Suka ce awon da aka yi a shekarar farin har yau da shi ake koyar da ɗalibai, kuma darajarsa ita ce ba a taɓa buɗe ƙofar ba, da an buɗe ko na yini ɗaya da aikin ya lalace. Suka ba shi takardar yabo a cikin gilashi, aka ɗau hoto, har ni aka ce in matso in yi murmushi, na yi. Da suka tafi ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Hajiya, mutanen nan sun yabe ni a kan abin da nake tsoron a tambaye ni. Ki yafe min shanun Baffa."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya ce, "Amin. Amma ba shi na tambaye ki ba."

Tun daga nan yake maimaitawa, da ciwo ya kwantar da shi abin ya zama kusan kullum. Babbar 'yata ta yi min faɗa, wai kalma ce kawai, in faɗa mahaifinsu ya tafi da sanyin zuciya, mene ne zai ragu a jikina. Ƙanena kuma ya ce haƙƙin Baffa ne ba nawa ba, ba ni da hurumin yafe abin da mai shi ya tafi bai yafe ba. Malamar Islamiyyarmu ta ce yafiya a zuciya take, baki shaida ne kawai.

To ni na duba zuciyar. Da fushi na tarar da na san abin da zan sauke, da na sauke tuntuni, don ni ba mai riƙo ba ce. Ban tarar da komai ba. Ni nake masa wanka, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu a cokali, ba na ƙinsa ko kaɗan. Ban ma san ko laifi ya yi ba, wata rana in ga da ni ce da makullin da haka zan yi, wata rana in ga hancin shanun nan. Mutumin da ya san tafiyata daga ƙarar takalmi, in na faɗa da baki kawai zai gane, kuma ban taɓa yi masa ƙarya ba.

'Yan uwa, me zan yi? In ce na yafe alhali ban ji komai ba, wannan yafiya ce ko yaudarar mai barin duniya? Ko in gaya masa gaskiya, cewa wurin da zan yafe masa da shi ya daɗe da mutuwa, ya tafi da wannan? Masu ilimi a cikinku ku gaya min, akwai haƙƙina a ciki ma kuwa, ko na Baffa ne shi kaɗai?

Yau da safe ya kama hannuna ya fara, "Hajiya, ki..." sai harshen ya yi masa nauyi, sauran maganar ba ta fito ba. Ina jin har yanzu yana ji in an yi magana kusa da kunnensa. Don Allah ku amsa min yau.