Kwamfutata da ta Detlef

Litinin, 3 ga Afrilu, 1989
Sabuwar kwamfutata, Atari, ta iso. Rungume da ita na taho tun daga tashar Bochum. Waya biyu kawai na jona, fiyanon lantarkina ya shiga bin umarninta. Ba ƙarin akwati, ba komai.

Alhamis, 6 ga Afrilu
Ƙanena Detlef ya zo yana cika baki da tasa kwamfutar, Amiga. "Yaya Gudrun, taki bebiya ce, sai an ara mata baki. Tawa da muryarta aka haife ta." Na ce je ka yi wasan yara da ita.

Mun shirya gasa: ranar bikin cikar Baba shekara saba'in, kowannenmu zai haɗo taken ƙungiyar busa ta mahaƙa kwal da kwamfutarsa. Shekara talatin Baba ya yi yana busa da su. Su goma sha biyu ne, yau saura shi kaɗai. Shi ne alƙali.

Talata, 11 ga Afrilu
Ƙaho takwas, ganga biyu, duk ni kaɗai na haɗa a kwamfuta. Ko ɗaya bai kauce ba. Wallahi na iya.

Asabar, 15 ga Afrilu
An yi biki. Tsiran nama, salak ɗin dankali, maƙwabta cike da falo.

Nawa aka fara sakawa. Tagogi har rawa suke. Goggo Ilse ta tafa ta ce ko a rediyo sai haka. Na Detlef kuwa duk shuuu, kamar ana suya. An yi dariya, tawa ta fi ta kowa.

Baba bai yi ba. Ashe Detlef ya tono wani tsohon kaset ne, ya naɗo ƙahon marigayi Willi, aminin Baba, ya zuba a kwamfutar. Baba ya ajiye cokali. "Ga shi nan, ɗan banza. Kullum sai ya makara." Ya sa aka maimaita sau uku.

Hukunci: "Gudrun ce ta ci. Nata ba kuskure." Sannan a hankali, yana kallon faranti: "Mu dai ba mu taɓa busa shi daidai haka ba."

Na ci dai. Kowa ya ji.

Lahadi, 16 ga Afrilu
Ban kunna kwamfutar ba.

Laraba, 19 ga Afrilu
Na ja ƙaho na uku baya kaɗan don ya ɗan makara irin na Willi, gwaji kawai. Baba yana wucewa ta ƙofa ya tsaya, ya ce, "Ƙara kaɗan." Na ƙara. Ya jawo kujera.

Na buga wa Detlef waya na ce ya zo da abin wasan nasa ranar Lahadi, ya taho da kaset ɗin. Ba don komai ba, teburina ne da fili. Ya ce, "Yaya, me kika ce? Layin ba kyau, sake faɗa."

Sarai ya ji. Na sake faɗa.