Sunan da Ke Bayan Kasko

Zuwa ga ƙanena Udabu,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗaki ɗaya, Mai Sama ya riƙe lafiyarka da ta iyalinka. Mu nan bakin kogin Ashi muna yadda ka bar mu. Tarin yayarka Shigu ya lafa. Geron bana bai yi ba, amma ana ɗora tukunya.

Maganar ɗanka Alihu ce ta sa na rubuto. Ka san in kasaken rufin ɗaki sun gasu, sai a toshe tanderu a yi kwana uku ana tsiyaya ruwa ta samansa, shi ke mai da jan kasko ruwan toka. Alihu aka ba tanderu na huɗu. Mutanen kudu ne suka koya masa aikin, su kuwa ruwan ƙasarsu ba ya daskarewa a wata na tara. Ya saki ruwa a indararon itace ya tafi gida, ruwan ya daskare a hanya. Da aka buɗe, kasko dubu uku jajaye kamar naman da bai dahu ba.

Shugaban aiki ya rantse cewa mai sunan da ke bayan kasaken sai ya yi shekara uku yana haƙar ganuwa a bakin iyaka. Ni ke sassaƙa wa kowa hatimin sunansa da yake bugawa a bayan kasko, abin da karatun shekara goma sha biyu ya saya mini ke nan. Shi shugaban bai iya rubutunmu ba. Ya ce a kira masa malamin laka, wato ni, ya zo ya karanta ya halatta kununsa. Na juya kaskon, na karanta sunana maimakon na Alihu. Ya yi dariya, wai tsohon jaki me zai haƙa, ya sa aka yi mini bulala talatin aka kore ni. Alihu na tsaye yana kallo, har yau bai leƙo ba. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

An ce magatakarda zai zo bayan sanyi, shi ya iya karatu. Kasaken suna jibge bayan tanderu. Kullum ina zuwa da guduma ina farfasa su, sun ɗauka na zare. Saura ɗari takwas, kafaɗata kuma ta soma ƙi. Ka nema wa ɗanka wuri a wajenku kafin ƙanƙara ta narke.

Ka gaida matarka Nalan, da Wolu da Husha.

Yayanka,
Puluhun