Bidiyon da Kika Nema

Zuwa ga Autarmu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya karatu? Ni lafiya ƙalau nake, kada ki damu.

Na saurari kiɗan jitar da kika turo, na yi ta murmushi ni kaɗai. Hannunki ya fara faɗawa, sai dai ƙaramin yatsanki har yanzu rago ne. Ki riƙa ɗora yatsu ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiya, kada ki ɗaga na farko sai na ƙarshe ya zauna.

Kin ce in ɗauko miki bidiyon hannuna ina yi. Auta, aikin koyarwar da na gaya muku bai samu ba tukuna. A ɗakin sanyi nake jera kwalayen kifi, yatsuna duk sun kumbura. Jiya na ɗauki jita, abokin zamana ya leƙo ya ce, “Malam, koyo ka fara?” Na sunkuyar da kai na ce eh.

Kada Inna ta ji. Ke ki turo mini bidiyon, ki kaɗa a hankali yadda zan iya binki.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki