Famfon Malkohi

Litinin, 2 ga Maris, 2015
An kunna famfon sola a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Ni, Fibi, ɗalibar digiri na biyu, na tsara na'urar da ke daidaita gudunsa. Na duba matiriks ɗina, jadawalin lissafin famfon, lambobin da ke nuna halinsa duk suna ƙasa da sifili, wato ko an girgiza famfon zai dawo daidai. Na yi hoto da hular kwano. Kai, Fibi!

Alhamis, 12 ga Maris
Injin ya ƙone.

Asabar, 14 ga Maris
A lissafina mutane za su riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har yamma. Ina! Da ruwa ya zo sai mata su buɗe duk kawunan famfo a lokaci guda, jarka, tukunya, har gwangwanin madara. Injin ya yi ta sama da ƙasa har ya mutu. Jiya na ce wa ƙanena Hosea rashin wayewar matan ne. Da bakina.

Talata, 17 ga Maris
Malamina, Dokta Bobboyi, bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Cewa ya yi, “Ƙasa da sifili, na ji. Da nawa? Turi nawa zai ɗauka kafin ya tsallaka?” Ban auna wannan tazarar ba. Da na auna yau, ba ta kai faɗin farce ba.

Laraba, 18 ga Maris
Na je sansanin. Zafin nan, ga mata suna dawowa daga rafi da ruwa kamar kunu. Wata tsohuwa daga Michika, Mama Nancy, ta ce jikarta na gudawa. Ta ce ranar da suka gudu ta bar randa ba ruwa, suka kwana biyu a dutse da ƙishi. “Ɗiyata, ke kin san masu gyaran?” Na ce e. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Juma'a, 27 ga Maris
Sabon inji, sabon tsari, gudu a hankali, tazara mai faɗi. Mata suka buɗe kawunan famfo duka, injin ko gezau. Jikar ta warke.
Dokta ya ce in sa wa rububin ɗiban ruwan nan sunansa na littafi a rahoto: hargitsi. Tun rana biro na hannuna. Na rubuta “masu ɗiban ruwa”. Idan ya ga dama ya rage maki.