Ruwan da Na Hana Ki

Uwar Balki,

Sallama gare ki. Na san ba mai kai miki wannan takarda. Da ma ko kina raye, ni ne mai karanta miki.

Gida lafiya. An cire albasa. Balki ta sauka a Marnona, ta haifi mace, an sa mata sunanki. Matan unguwa har yau cewa suke jifa aka yi miki. Na daina yi musu gardama.

Ni mai gardamar, mi na sani? Shekara talatin ina duba magudanan noman rani tsakanin Wurno da Goronyo. Da cikinki ya fara kumbura, sai na yanke miki hukuncin gonar da ta sha ruwa ya yi yawa: a toshe daga sama. Moɗa biyu a wuni. Na fitar da randa daga ɗakinki. Kika dube ni, leɓɓanki a tsattsage, kika haƙura, don ai mijinki ya yi boko.

Sai bayan wata uku, a Sakkwato, likita ta zana mini abin a takarda. Ƙari ne a cikinki. Ƙwayoyinsa na sakin wani sinadari da ke sassauta shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, ta yi ƙananan kafofi, don ƙarin ya samu abin ci. Ta nan ruwan jininki ke tsiyaya yana taruwa. Ciki cike, jijiyoyi a bushe. Ƙishirwar gaske kike ji.

Yoyo ne, Uwar Balki. Yoyo! Ni da na tsufa ina rubuta rahoton cewa simintin magudana ya tsage, ruwa na zurarewa a hanya, gonar ƙarshe na ƙonewa, ba mai karantawa. Mi ya hana in gane shi a jikinki?

Likitar ta ce ko gulbin Rima na ba ki, ba za ki tashi ba. Wai lallashina take yi. Wa ya yi maganar tashi? Da dai kin tafi da maƙogwaro a jiƙe.

Ban gaya wa Balki ba. Har yanzu yabona take wurin mijinta, wai na iya jinya.

Na mayar da randar ɗakinki. Kullum ina cika ta, kaji ke sha.

Sai na iso. Allah Ya shayar da ke ruwan Alkausara, inda ba mai auna miki.

Mijinki, mai moɗa biyu.